Dokin da Yaya Ya Bayar

A gidansu Auta ake ce mata, kuma sunan ya bi ta har kulob ɗin 'yan ces, wato darar Turawa, duk da cewa ta ba arba'in baya, tana da 'ya'ya uku, kuma ita ke riƙe da makullin ɗakin magani na wani asibiti. A wurin aiki ba mai ɗaga mata murya. Likita ma idan ya yi rubutun kaza a takardar magani, ko ya haɗa ƙwayoyin da ba sa ga maciji da juna, sai ta ɗauki takardar ta bi shi har ofis, ta tsaya a kansa sai ya gyara. Amma ranar Asabar da yamma, da zarar ta zauna a teburin cin abinci na gidan yayanta, sai ta koma Auta sak: ita ce jera sojoji a kan allo, ita ce zuba shayi.

Yaya safiyo ne, mai awon filaye. Shi ya koya mata ces tun ƙafarta ba ta kaiwa ƙasa daga kan kujera, kuma a idonsa har yau ƙafar tana lilo. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Shi ya tsaya mata a kan karatu bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya zame mata uba ranar aurenta, kuma ko zazzaɓi ɗanta ya yi, motar Yaya ce ta farko a ƙofar gida. Sai dai Allah bai yi shi mai sauraro ba. Kunnuwa kam yana da su, manya-manya ma, amma aikinsu riƙe tabarau.

Abin da ke haɗa su ranar Asabar shi ne nazarin buɗi. Wanda bai san ces ba yana zaton mutum biyu ne ke zama su fara tunani daga takun farko. Ina! 'Yan gasa da haddarsu suke zuwa. Takun farko-farko na wasa, waɗanda ake kira buɗi, an daɗe da tattake su. Kowane buɗi yana da rassa, kowane reshe kuma layi ake ce masa. Aikin ɗan gasa shi ne ya zauna a gida ya bi layi har inda sanin mutane ya tsaya, sannan ya ƙara taku ɗaya nasa wanda ba a taɓa gani ba. Irin wannan takun ɓoye shi ake yi, domin sau ɗaya yake aiki. Ranar da ka buga shi a gasa ya zama na kowa, kafin ka isa gida 'yan kulob sun gama tura wa juna shi a waya.

Yaya yana da irin wannan takun, ya daɗe yana renonsa. A wani layi da yake bugawa da farare, akwai inda yake jefa dokinsa a gaban sojojin da ke kare sarkin baƙaƙe, kyauta, ba ko kariya. Idan abokin wasa ya ci dokin, to ya buɗe wa kansa ƙofar halaka: sarauniya ta faɗo, hasumiya ta biyo bayanta, sarki ya rasa gidan ɓuya.

"Idan kuma bai ci ba fa?" Auta ta taɓa tambayarsa.

"Idan bai ci ba me zai yi? Hoto zai ɗauke shi?"

Haka nazarin nasu yake tafiya. Yaya yana ɓangaren farare, ita tana ɓangaren baƙaƙe, amma hannunsa ne ke buga duka biyun. Tana miƙa hannu zai ce, "Bari, bari, na ga wannan," ya mayar da abin da ta taɓa, ya buga mata wanda ya ga ya dace, sannan ya cinye ta da shi. Yana da inji a wayarsa, manhajar nan da ta fi kowane ɗan adam lissafin ces, amma yadda yake yi wa mutane haka yake yi masa. Da injin ya nuna alamar yarda da shi, sai ya kife wayar a kan tebur kafin ya canza magana.

Duk da haka Auta tana son Asabar ɗin nan fiye da yadda za ta iya faɗa. Nan ne kaɗai ba mai tambayarta ina safa, ina makulli, maganin nan kafin abinci ne ko bayan abinci. Nan ne kuma kaɗai take samun yayanta a zaune wuri ɗaya, yana ba da labarin rigimar iyaka da ya raba, yana kwaikwayon muryar masu fili har ta ƙware da shayi.

Wata rana da yamma a ɗakin magani, layin marasa lafiya ya yanke, sai ta jawo ɗan ƙaramin allonta mai maganaɗisu daga durowa ta jera matsayin nan na dokin. Ba neman komai take yi ba, hannunta ne ya saba. Tana kallo tana ɓare biskit, sai idonta ya sauka a kan sarkinta. Duk farmakin Yaya a kan abu ɗaya ya rataya: bayan an ci dokin, sarauniyarsa za ta shigo ta yi wa sarki barazana kai tsaye, daga nan ba a sake numfashi. To idan sarkin ba ya wurin fa? Ta tura shi gida ɗaya, ya shige lungu. Ba ta ci komai ba, ba ta tsorata kowa ba. Amma yanzu sarauniya ba ta da abin kamawa, dokin kuma yana nan tsaye a inda aka jefa shi, gaba ba hanya, baya ba hanya.

Ta sa matsayin a injin da ke kwamfutar ofis, ta bar shi yana lissafi, ta koma taga ta sallami wata tsohuwa mai ciwon gwiwa da wani direba mai tari. Da ta dawo, injin yana tare da ita, kuma bai da niyyar canza ra'ayi. Daɗi ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun tana makaranta. Bai daɗe ba gabanta ya faɗi, kamar ta buɗe sakamakon gwajin wani nata ta ga abin da ba a so.

Asabar na zuwa ta nuna masa. Yana jefa dokin, ta riga hannunsa ta tura sarki lungu.

"Wannan takun tsoro ne," in ji Yaya, ko duban kirki bai yi masa ba. "Wa zai ga doki a faranti ya ruga lungu? Bari, bari." Ya dawo da sarkin, ya ɗauki sojanta ya ci dokin da kansa, ya rattabo farmakin har ƙarshe yana buga kowane taku da ƙara.

Matarsa, wadda Auta ke kira Anti, ta leƙo daga kicin. "Kai dai ka bar yarinyar nan ta taɓa abin nan ko sau ɗaya ne."

"Ai tana taɓawa. Ba ita ta jera su ba?"

Asabar ta gaba ta sake ɗauko maganar, ta ce, "Yaya, sarkin nan fa da na nuna maka," sai wayarsa ta yi ƙara. Wani ne ya tumɓuke dutsen iyaka a filin da suka auna, Yaya ya miƙe yana faɗa yana zagaya falo, da ya dawo kuma ya ce su duba wani buɗin daban. Ran Auta ya sosu. Ta ja bakinta ta tsuke, ba ta sake tayar da zancen ba. Ba za a ce mugunta ce ba, ba kuma za a rantse cewa babu ɗigonta a ciki ba.

Ana nan gasar share fage ta zo. Kujera ɗaya ce tak yankinsu ke da ita a gasar ƙasa, wanda ya zo na ɗaya shi zai tafi. Yaya ya daɗe yana bin kujerar nan bakin rai bakin fama. Ya sha zuwa na biyu, har 'yan kulob suna tsokanarsa cewa ya auna wurin ya kafa dutse. Yanzu yana dosar sittin, ga sababbin 'yan wasa da suka tashi da inji a aljihu, kuma ya faɗa da bakinsa cewa bana ce ta ƙarshe, in ta yi ta yi, in ba ta yi ba ya haƙura. Auta ma ta shiga kamar kullum. A faɗar Yaya, tana shiga ne don a samu yawan mutane.

Sai dai bana abin ya zo da wani salo. Ta ci wasan farko, ta ci na biyu, ta yi canjaras da likitan haƙori, wanda shi ne babban abokin hamayyar Yaya a kulob, ta kuma ci gaba da ci. Ba wani sirri a ciki. Mutumin da ya yi shekaru yana kare matsayi mara daɗi a gaban Yaya kowace Asabar, wahalar da sauran mutane za su ba shi ba ta taka kara ta karya ba. Kafin zagayen ƙarshe, ita da Yaya ne a sama, makinsu daidai, likitan haƙori yana bin su da tazarar rabin maki. Alƙalin gasar, wani tsohon malamin lissafi mai son bayani, ya liƙa jadawali a bango: Yaya da farare, Auta da baƙaƙe. Ya kuma bi su ɗaya bayan ɗaya ya sanar da su cewa idan suka yi canjaras, likita zai kamo su in ya ci nasa wasan, kuma lissafin raba gardama likitan zai ba kujerar. Wato ba maganar a sasanta a gida. Dole ɗaya ya ci ɗaya.

Dokin kuwa yana nan ba a taɓa shi ba. Don likitan haƙori Yaya ya tanade shi, amma da suka haɗu likita ne ya samu farare. Duk gasar mutum ɗaya ya rage da ke buga wannan buɗin da baƙaƙe, ita ce wadda Yaya ya koya wa shi tun tana firamare.

Da safen ranar, maigidanta yana goge rigarsa ta aiki ya dube ta ya ce, "To ni wa zan yi wa addu'a, matata ko surukina?"

"Ka yi wa mai gaskiya."

"Ki ci shi mana, in za ki iya. Ai wasa ne."

"Ba ka san Yaya ba," in ji ta. "In na ci shi da abin da na sani, ban san ko zai sake buɗe mini allo ba."

"To ki bar masa."

Ta shiga neman biro a jaka. Nan fa gizo ke saƙa, domin tana son kujerar nan. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko kanta ba ta cika faɗa wa ba, amma tana so.

Yaya ya zo ɗaukarta a motarsa ta aiki, a-kori-kura, ƙafafun na'urar awo da sandunan alama suna ta ƙarar haɗuwa a baya. Ya sa rigar da yake sawa duk ranar babban wasa, mai aljihu biyu. Sun ɗan yi nisa kafin ya gyara murya.

"Auta, ki saurare ni da kyau. Kada ki shiga layin nan yau. Ki buga wani abu daban, ko me kika ga dama. Ba na son in ba ki kunya a gaban mutane da abin da muka dafa tare."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

"Yaya, layin nan akwai rami a cikinsa."

"Ramin me?"

"Na nuna maka."

"Kin nuna mini? Yaushe?"

Daidai nan wani mai babur ya yanko ta gabansu. Yaya ya taka birki, ya danna hon, ya leƙa ta taga ya karanta masa tarihin tuƙi, daga nan kuma ya zarce da bayanin yadda aka lalata mahaɗar hanyar tun daga zane. Takun yana kan harshenta. Magana ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba: sarki ya shiga lungu. Ta kalli gefen fuskarsa yana ta zuba, ta haɗiye abarta.

A saman benen ɗakin karatu na gari ake gasar, wani dogon ɗaki mai fanka biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ado. An jera tebura da kujerun roba, kowane tebur da allonsa da agogo mai fuska biyu. Alƙali ya bi da kwali yana karɓar wayoyi. Teburinsu shi ne na farko, kusa da taga, an ɗan ja shi gefe an kewaye shi da igiya don kada 'yan kallo su hau musu kai. Suka yi musabaha kamar waɗanda ba uwa ɗaya ta haife su ba, alƙali ya danna agogo.

Takun farko suka tafi da sauri, kowa ya buga, ya danna, ya rubuta. Da ta buga takun da ke shiga layin, Yaya ya dube ta ta saman tabarau ya girgiza kai a hankali, irin na wanda ya yi iya nasa gargaɗin. Suka ci gaba. Ba wanda ya tsaya tunani, ai hanyar gida ce. Sannan Yaya ya ɗauki dokin da yatsa uku, ya dire shi a gaban sojojinta, har da ɗan murza shi kamar mai kafa turke. Ya danna agogo ya jingina.

Nan da nan bayan igiya ya cika. Waɗanda ke jiran abokin wasansu ya yi taku suka taso, har likitan haƙori ya baro nasa allon ya zo ya tsaya, hannu a baya, yana kallon abin da aka tanadar masa.

Auta ta daɗe ba ta motsa ba. 'Yan kallo sun ɗauka lissafi take yi, alhali lissafin ya ƙare tun a ɗakin magani. Abin da take dubawa daban ne. Ga sojanta nan, taku ɗaya ya ci doki. In ta ci, ta san sauran kamar sunanta: sarauniya, hasumiya, sarki ya yi ta gudu har ya gaji. Ba wanda zai zarge ta. Za a ce Yaya ya yi abin tarihi, za a tura wasan a waya, zai tafi gasar ƙasa da rigarsa mai aljihu biyu, Asabar kuma za ta zo yadda ta saba. Ba mai sanin komai sai ita da kwamfutar ofis.

Ta ɗaga hannu. A gasa abin da ka taɓa shi za ka buga, ba a fasawa, don haka ta tsayar da hannun a sama da sojan ba ta sauke ba. Sai ta ji wata irin gajiya ta taso mata tun daga ciki. Sau nawa aka cinye ta da wannan farmakin, da takun da ba ita ta zaɓa ba? A gida ko ba komai hannunsa ne ke yi. Yau in ta ci dokin nan, da hannunta za ta yi masa aikin, kuma ta san ba za ta yafe wa kanta ba, shi ma ba za ta yafe masa ba, alhali bai san ma an yi ba.

Ta janye hannun, ta kama sarkinta ta tura shi lungu. Ta danna agogo a hankali.

Yaya ya yi murmushi. Hannunsa ya taso da kansa, ya haye allo ya nufi sarkinta, bakinsa har ya buɗe zai ce abin da ya saba cewa. Alƙali ya yi gyaran murya. Hannun ya tsaya a iska, ya yi ɗan jim, ya koma ya dafa goshi.

Daga nan Yaya ya fara kallon takun, kallon da bai yi masa ba a gida. Agogonsa yana ta ci. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya matso da kujera. Idonsa ya je kan sarauniya, ya dawo kan doki, ya nemi hanyar da dokin zai koma, ya sake komawa kan sarauniya. Gumi ya tsatstsafo masa a saman leɓe. Auta ta kasa kallo, ta tashi ta je ƙarshen ɗaki ta sha ruwan da ba ta jin ƙishinsa, ta tsaya tana karanta dokokin ɗakin karatu da ke bango. Tausayinsa ya cika ta, amma ko kaɗan ba ta ji tana son janye takun ba.

Kada a zaci daga nan wasa ya ƙare. Yaya ba kanwar lasa ba ne. Da ya tabbatar dokin ya tafi, sai ya sayar da shi da tsada, ya karɓi sojoji biyu a madadinsa, ya hargitsa allon ta yadda ba hadda da za ta yi aiki. Ya kafa mata tarko, ta gani. Ya kafa wani, saura ƙiris ta faɗa, sai da ta zauna a kan hannuwanta ta sake dubawa. Sauran tebura duk suka gama, likita ya ci nasa wasan ya dawo bayan igiya yana addu'ar canjaras a fili. Amma doki doki ne. A hankali ta yi ta musayar abin da za a musanya, allo ya yi ta yin fili, har ya rage ba abin da Yaya zai ɓuya a bayansa.

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya tsayar da agogo ya miƙo mata hannu. Tafin hannunsa a jiƙe yake.

Al'adar 'yan ces ce, in an gama wasa a koma baranda a sake jera shi, masu wasan da 'yan kallo kowa ya sa baki. Har an fara jan kujeru. Yaya ya sa hannu a takardar sakamako, ya karɓi wayarsa daga kwali, ya sauka daga benen. Aka yanyame Auta. Likita ya ce shi tun da ya ga dokin ya san akwai magani, wanda ƙarya ce tsagwaronta. Alƙali ya ja ta gefe ya yi mata dogon bayani a kan hoton fasfo da ranar tafiya. Tana amsawa da to, to, hankalinta yana kan matakala.

Ta zaci ya tafi ya bar ta. Da ta sauko sai ta ga motar a inda suka ajiye ta, yana zaune a ciki, hannu biyu a kan sitiyari, bai kunna ba. Ta buɗe ta shiga. Ya tayar da mota.

Sun wuce mahaɗar nan da aka lalata tun daga zane bai ce uffan a kanta ba. Sai can ya ce, "Tun yaushe kika gani?"

"An kwana biyu."

"Inji ne?"

"Ni na gani. Inji tabbatarwa ya yi."

Ya gyaɗa kai. "Kuma kin ce kin faɗa mini."

"Na faɗa, Yaya. A kan allo na nuna maka, ka mayar da sarkin."

"Ba ki faɗa da ƙarfi ba."

Ta buɗe baki za ta ce ko da lasifika ta faɗa ba zai ji ba, sai ta tuna safiyar yau da maganar da ta haɗiye. Ta haɗiye wannan ma.

A ƙofar gidanta ya tsaya bai kashe mota ba. Ta kama marfin za ta fita.

"Ranar Asabar," in ji shi, yana kallon gaba, "ki zo ki gaida antinki, ki kawo yara. Amma ba za mu buɗe allo ba. Ba wannan Asabar kaɗai ba."

Abin da take tsoro ke nan, kuma da ya zo sai ya fi yadda ta zata zafi. Ta ce, "Fushi ka yi."

"Na yi. Wannan zai wuce, ba shi ba ne."

"To mene ne?"

"Baɗi zan sake shiga."

"Ka ce bana ce ta ƙarshe."

"Na fasa. Zan sake shiga, ke ma za ki shiga, kuma za a iya sake haɗa mu." Ya juyo ya dube ta sosai. "Kin taɓa ganin na zaunar da likitan haƙori a teburina ina nuna masa abin da na shirya? Ba a nuna wa wanda zai iya cin ka, Auta. Ki nemi wanda zai taya ki shiri, gasar ƙasa ba wurin wasa ba ne."

"Wa zan nema? Ni ban taɓa yin nazari da kowa ba sai kai."

"Wannan kuma ya rage naki. Kowane ɗan gasa da tasa matsalar."

Ta fita ta rufe ƙofar. Motar ta ɗan gusa, sai ta sake tsayawa, Yaya ya sauke gilashi ya leƙo.

"Tsaya. Bayan sarkin ya shiga lungu, in da ban karɓi sojojin nan ba, na kawo ɗaya hasumiyar tukuna, me kika tanada?"

Ta tanada kuwa. Amsar tana nan a shirye, mai kyau ce ma, ta fi ta farko daɗi, kuma duk duniya ba wanda take son nuna wa kamarsa. Yau ga shi ya yi tambaya ya kuma yi shiru yana jira. Ta ja numfashi za ta fara, sai ta tsaya.

"Ba zan faɗa ba, Yaya."

Ya dube ta na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya ɗaga gilashinsa ya ja mota. Ta tsaya har ƙarar sandunan awo ta ɓace a kwana, sannan ta share idonta da bayan hannu, ta shiga gida neman hoton fasfo.